Kifi mai yawo da fitila

Ɗazu bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida nan Ƙofar Ƙaura, ƙanina ya miƙo mini waya: "Yaya, dubi wannan." Wani kifi ne baƙi ƙirin, haƙora cako-cako, ga 'yar fitila tana reto a goshinsa. Na ce haɗin kwamfuta ne. Ashe da gaske akwai shi, can ƙasan teku inda hasken rana ba ya kaiwa. Fitilar ce tarkonsa, ƙananan kifaye su matso kallo ya haɗiye su.

Ni da sanina bai wuce tarwaɗa da ƙarfasar dam ɗin Ajiwa ba! Ramin Mariyana kuwa, wato wuri mafi zurfi a ƙasan teku, zurfinsa ya kusa mita 11,000. Har yanzu ina ta tunanin abin da ke yawo cikin wannan duhun.