Damuwa tana barin alama har cikin ƙwayoyin jiki

Ƙannena, a saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da likitoci ke kira adirenal. Shi ke sakin sinadarin adirenalin idan mota ta taso maka, zuciya ta hau bugawa, ka daka tsalle tun kafin ka yi tunani. Shi ne kuma ke fitar da kotizol, sinadarin da ke ƙaruwa lokacin damuwa, mai ƙara sukari a jini don jiki ya samu ƙarfi. Ga mai lafiya, kotizol yakan kai ƙololuwa jim kaɗan bayan tashi daga barci, ya sauka can tsakar dare.

Ni da samartakata na hana shi sauka. Ga bashi, ga neman aiki, sai in kwana ina lissafi, da safe in ɗora kofi mai kauri da goro, wai ni jarumi. Ashe kafeyin da ke cikinsu ma yana tunzura kotizol. Awon hawan jini ne ya fara gaya mini gaskiya.

A bakin kowane zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta akwai kariya mai suna telomiya, kamar ɗinkin bakin tabarma da ke hana ta warwarewa. Tana gajarcewa duk lokacin da ƙwayar ta rabu biyu, in ta yi gajarta sosai ƙwayar ta tsufa. A 2004, masu bincike Elissa Epel da Elizabeth Blackburn a Amurka sun auna iyaye mata 58, yawancinsu masu jinyar 'ya'ya da ciwo mai daɗewa. Waɗanda damuwa ta fi yi wa katutu, telomiyarsu ta yi gajarta kamar sun ƙara aƙalla shekara goma. Alaƙa binciken ya nuna, bai ce damuwa kaɗai ke tsufar da mutum ba, amma ni dai ya ishe ni. Blackburn ta samu kyautar Nobel a 2009 kan gano yadda telomiya ke kare zaren gado.

Don haka ku ajiye waya bayan isha'i, ku bar kofi daga la'asar, ku yi tafiyar ƙasa har ku yi gumi. Abin da ke cin ranku ku faɗa wa wanda kuka amince da shi. Faɗuwar gaba in ta ƙi ƙarewa, a je asibiti a auna jini.

Ku kuma ƙannena mata masu shan dexamethasone don ƙiba, kwaikwayon kotizol ne, yana sa adirenal ya daina aikinsa. Wadda ta daɗe tana sha kada ta daina farat ɗaya, ta je likita ya rage mata a hankali.