Katin hoto mai yalwar ma'adana ga mai zane

Ga mai zane a kwamfuta, girman ma'adanar katin hoto, wato sashen kwamfuta da ke sarrafa hotuna, ya fi gudunsa muhimmanci a ganina. A Blender, manhajar zanen 3D, hoton shimfiɗa (wanda ake lulluɓe jikin abin da aka zana da shi) guda mai girman 8K kan cinye kusan megabait 256 idan ba a matse shi ba, saboda haka da ka jera kujeru da labule da fuskokin mutane, sai ma'adanar kati mai gigabait 8 ta cika, aiki ya koma tafiyar hawainiya ko ya tsaya cak. Shi ya sa na fifita katin RTX 3060 mai gigabait 12 a kan RTX 4060 mai 8, duk da cewa na biyun ya fi sabunta. Wanda aikinsa bai wuce fenti a manhajar Krita ba kuwa, gara ya ƙara RAM, wato ma'adanar aiki ta kwamfutar kanta.