Lasisin Windows da ke cikin kwamfutarka

Shagona yana Samaru, ba nisa da Jami'ar Ahmadu Bello, ni da yara biyu masu koyon aiki. Muna gyaran kwamfuta, muna kuma sayar da na hannu da ake kawowa daga Legas, su HP da Dell da Lenovo. Galibin masu zuwa ɗalibai ne, kuma ƙorafin da ya fi yawa shi ne rubutun nan da ke maƙale a ƙasan allo, wai Windows ba ta da lasisi. Sai ka ji an ce, "Injiniya, a sa min kirak kawai."

Kirak manhaja ce ta satar lasisi. Ni ba na sawa, kuma sau tari ma babu buƙatarsa. A zamanin Windows 7 lambar lasisi a jikin sitika take, ƙarƙashin kwamfuta. Tun daga Windows 8, a 2012, manyan kamfanoni suka koma rubuta ta cikin BIOS, manhajar da ke tada kwamfuta, wadda ke kan babban allon da ke cikin injin (motherboard). Wato an riga an biya kuɗin tun daga masana'anta. Ko ka goge komai, ko ka canza hadis (hard disk), tana nan.

To ina matsalar take? Wajen mu masu gyara. Injin da ya zo da Windows samfurin Home, sai wani ya ɗora masa samfurin Pro don ita ce a filashinsa, lambar ta ƙi karɓa, sai ya lulluɓe da kirak. Wannan abu yana ƙona min rai, domin an raba mutum da halaliyarsa an ba shi ta sata. Kafin kirak ya shiga sai an kashe Defender, manhajar tsaron Windows, ƙwayoyin cutar kwamfuta su samu ƙofa, ga shi irin kirak ɗin da ake kira KMS kwana 180 ne wa'adinsa, sai an yi ta sabuntawa. Ɗalibin da furojet ɗinsa ke ciki shi ke kwana a ciki.

Shi ya sa abin da na fara koya wa yarana shi ne su duba lasisin wace irin Windows ne a BIOS, su sa ta, su haɗa intanet. Da kanta take karɓa.

Inda babban allon ya ƙone aka sa wani, lasisin ya tafi tare da tsohon. Nan nakan faɗa wa mutum gaskiya: ko ya sayi sabon lasisi, ko in sa masa Ubuntu, wata manhaja a madadin Windows, wadda kyauta ce. Wasu sukan ɗauki injinsu su nufi wani shago, amma 'yan sashen kimiyyar kwamfuta sun fi zaɓen Ubuntu ɗin.