Inda na kai da ƙwaryar zane a Metashape

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aikin ƙwaryar nan ya kai. Ga wanda bai bi daga farko ba: ina son in fitar da siffar wata ƙwarya mai zanen ƙuna a kwamfuta, ciki da waje, daga hotuna kawai. Ƙwarya abu ce mai wuyar sha'ani a wannan sana'a. Bakinta siriri ne, bayanta na ɗan sheƙi, cikinta kuma fari fat, babu wani tabo da manhaja za ta kama. Da manhajar Metashape nake aiki, wadda a da ake kira PhotoScan kafin kamfanin Agisoft ya sauya mata suna.

Abin da na gane a 'yan makwannin nan shi ne, kyawun siffa tun kafin a gina raga, wato fatar siffar da manhaja ke haɗawa da ƙananan kusurwoyi uku-uku, ake samunsa. Yawancinmu mukan jera hotuna, mu danna gina raga, sannan mu kwana muna goge datti a Blender, manhajar gyaran siffofi. Alhali kayan gyaran suna nan cikin manhajar, a matakin ɗigon haɗi, wato ɗigogin da take ganewa a hoto biyu ko fiye don ta san inda kyamara ta tsaya.

Na farko dai batun bango. Idan ka ɗora abu a faifai mai juyawa, kyamara na kafe a kan ƙafarta, abu ne ke juyawa amma bango yana tsaye. Manhaja sai ta rikice: ɗigon bango na ce mata kyamara ba ta motsa ba, ɗigon ƙwarya na ce mata ta zagaya. Da yawa sun san ana rufe bango da maski a kowane hoto, wato a shata wa manhaja wurin da za ta yi watsi da shi. Abin da ba a cika sani ba shi ne, wajen jera hotuna akwai zaɓin da zai sa maski ya yi aiki a kan ɗigon haɗi. Ka ɗauke ƙwaryar, ka ɗauki hoton bango shi kaɗai ba tare da taɓa kyamara ba, ka rufe wannan hoton duka da maski. Duk ɗigon da ya dace da abin da ke cikinsa za a watsar da shi a sauran hotunan ma. Hoto ɗaya ya ɗauke maka wahalar yini guda.

Sai haɗa ciki da waje. Na ɗauki zagaye a kife, zagaye a buɗe, da wasu ƙwaryar na jingine a gefe don bakin ya fito sosai, tunda nan ne kaɗai ɓangarorin biyu ke haɗuwa. Kowane kashi na gina masa raga mai sauƙi, na goge faifan da ke ƙasa, sannan na sa manhajar ta ciro maski daga wannan ragar zuwa hotuna. Daga nan na tara hotunan duka wuri ɗaya na sake jera su. Wannan ya fi min haɗa kashi biyu bayan an gama su, domin ɗinkin da ke fitowa a baki kamar na tela mai gaggawa ya ɓace.

Inda na fi daɗewa shi ne tace ɗigon haɗi. Manhajar na iya zaɓo ɗigogi marasa ƙarfi ta ma'auni daban-daban. Akwai waɗanda aka gani daga hotunan da suka yi kusa da juna ƙwarai, zurfinsu ba abin dogaro ba ne. Akwai waɗanda aka kama a wurin da hoto ya yi dishi-dishi. Akwai kuma waɗanda idan an mayar da su kan hoto ba sa faɗawa daidai inda aka gan su, ana auna wannan kaucewar da fiksel. Kana goge kashi ɗaya, ka sa ta sake lissafin kyamara da karkatar ruwan tabarau, sannan ka wuce na gaba. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar da tsari kan wannan a 2021, inda ta ba da shawarar kada a goge fiye da rabin ɗigogi a matakan farko, a na ƙarshe kuma kashi 10 cikin 100 a kowane zagaye. Amma ku lura, don hotunan gaɓar teku daga sama aka yi shi. A ƙwarya, cikin nan fari dama ɗigoginsa kaɗan ne, idan ka matsa sosai hotunan ciki za su rasa abin riƙewa su zube. Ni bayan kowace gogewa nakan duba yawan ɗigon da ya rage wa kowane hoto, ba jimillar kaɗai ba.

Akwai kuma akwatin lissafin amincin ɗigo da ake kunnawa kafin gina gajimaren ɗigogi, wato cunkoson ɗigogin da ke fitar da siffar abu. Yana nuna taswirorin zurfi nawa ne, wato lissafin nisan abu daga kyamara a kowane hoto, suka yarda da kowane ɗigo. Da na ware masu mafi ƙarancin shaida, sai ga ƙurar nan da ke shawagi a bakin ƙwarya ta fito fili, na goge ta lokaci guda.

Saura sheƙi. Har yanzu akwai wani farin tabo a gindinta inda fitila ta haska, ya manne cikin launi. Zan gwada leda mai tace haske a gaban fitila da wata matata a gaban kyamara, a juya su saɓanin juna. Batun ainihin girma kuwa, alamomin da ake bugawa a takarda a ajiye kusa da abu da sandar awo sai a babban lasisin Metashape, wanda ba ni da shi, don haka zan auna faɗin baki da hannu in daidaita a Blender. Masu amfani da wasu manhajojin irin wannan aiki, kamar Meshroom ko RealityCapture (wadda yanzu ake kira RealityScan), ina son jin yadda kuke fama da farin cikin ƙwarya a naku.