Da Sauƙi

Yau da safe na kunna kwamfuta a ɗakina a Kano, sai na tarar da saƙon shugabar tawagarmu da ke Nairobi cewa daga wannan watan manhajar ƙirƙirarriyar basira ce za ta riƙa fassara hirarrakin da ake aiko mana, mu kuma aikinmu ya koma gyara abin da ta rubuta, kuma kuɗin gyara bai kai na fassara ba. Ban yi mamaki ba, domin tun da ChatGPT, manhajar da ke rubutu da amsa tambayoyi kamar mutum, ta fito a ƙarshen 2022 muke ganin hadarin nan yana haɗuwa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hira ta farko da na buɗe. Wata ma'aikaciyar lafiya ta tambayi wata dattijuwa, "Iya, yaya jiki?" Ita kuma ta amsa da murya ƙasa-ƙasa, tana jan numfashi, "Da sauƙi, 'yar nan." Manhajar ta rubuta da Turanci cewa matar ta warke. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ya san Bahaushe yakan ce da sauƙi ko da ciwo ya kayar da shi, saboda kawaici da tawakkali. Sau uku na saurari muryarta kafin na goge jimlar, na ƙara bayani a gefe domin wanda zai karanta rahoton a can Turai. A lissafin kamfani kalma biyu kawai na gyara, amma har yanzu ina tunanin ko akwai wanda ya koma ya duba Iya.