Firam ɗin keke mai shakazoba biyu: wanne ya dace da ƙasar Kebbi?

Mutumin da yake son keke ɗaya tak wanda zai hau kwalta da shi a cikin Birnin Kebbi, ya bi da shi hanyoyin gonakin shinkafa na fadamar Gulbin Rima a ƙarshen mako, sannan idan hutu ya samu ya ɗora shi a mota zuwa duwatsun ƙasar Zuru, ba zai sami biyan buƙata a keken tsere ba, kuma keken da aka ƙera domin gangarowa daga kan dutse kaɗai zai gajiyar da shi. Abin da ya fi kusa da buƙatarsa shi ne keken hawan dutse mai shakazoba biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Sabon irin wannan keke ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu, shi ya sa masu sha'awa suke sayen firam na hannu, wato gangar jikin keken, daga cikin kayan da ake shigowa da su ta Legas da Kwatano, su riƙa haɗa sauran kayan a hankali. A ganina, firam ɗin da ya cancanci kuɗin mutum a nan shi ne wanda zai iya ci gaba da gyarawa, ko da kamfanin da ya ƙera shi bai yi suna sosai ba.

Da farko sai a ware kekunan nan na ƙarfe masu nauyi, masu ƙaton sifirin a tsakiya, waɗanda suka cika kasuwa. Sifirin ɗinsu ba shi da man da zai riƙe shi, saboda haka tsalle kawai yake yi yana cinye ƙarfin mai tuƙi. Ba su ake magana a kai ba.

Firam na gaskiya ana rarrabe shi ne da nisan da tayar baya take iya yin sama idan ta daki dutse ko ta faɗa rami. Na tseren daji yakan kasance tsakanin milimita 100 zuwa 120, na tsaka-tsaki 120 zuwa 150, na gangara mai tsanani 160 zuwa 180, wanda kuma ba a hawa tudu da shi sam yakan kai 200. Mafi yawan ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ga yashi ga burji, tudu kuwa sai jefi-jefi, don haka ban ga dalilin wuce milimita 140 ba. Abin da ya haura haka nauyi ne da mutum zai yi ta ja a kan hanyar Jega ba tare da ya amfana da shi ba. A kuma tuna cewa kowane firam an yi shi ne da tsawon fok, wato ƙafafun da ke riƙe tayar gaba, da ya dace da shi, kuma ƙarin milimita 20 a fok yana kwantar da wuyan keke da kusan digiri ɗaya, yana kuma ɗora wa wuyan nauyin da ba a shirya shi dominsa ba.

Inda ya kamata mai saye ya ɓata lokacinsa shi ne gaɓoɓin da suke haɗa gaban firam da bayansa. Dillali zai ce, "Maigida, wannan ai kamar sabo yake, Bature ne ya hau shi sau biyu ya jingine," amma hannunka ne zai faɗa maka gaskiya. Ka tsaya a gefen keken, ka kama sirdi ka ɗaga shi kaɗan-kaɗan ba tare da taya ta bar ƙasa ba. Idan ka ji wani ɗan ƙwas a tafin hannunka, akwai wasa a boris ko a idon shakazoba, wato ramin da ake ɗaure ta da kusa. Daga nan ka riƙe firam da hannu ɗaya, ka tura tayar baya hagu da dama da ɗaya hannun. Idan mai kaya ya yarda, ka kwance kusar shakazoba guda ɗaya, ka ɗaga bayan firam ɗin sama da ƙasa. Lafiyayye yana tafiya sumul, wanda ya ci ƙura kuwa za ka ji yana ƙaras-ƙaras yana tsayawa a wasu wurare.

Lalacewar boris ita kaɗai ba ta isa ta hana ciniki ba, domin lambarsa tana rubuce a jikin robar da ta rufe shi, kuma lambobi irin su 6900, 6901 da 6902 ana samun su wajen masu sayar da kayan injina. Abin gudu shi ne ramin da boris yake zama a ciki ya buɗe har boris ɗin yana fita da yatsa, ko kan kusar gaɓa ya cinye, alhali kusar ta musamman ce da kamfanin kaɗai yake yi. Ƙurar hunturu da lakar fadama ba sa raga wa boris, saboda haka firam mai gaɓa ɗaya babba, irin na kamfanin Orange ko tsohon Heckler na Santa Cruz, yana da daraja a wurinmu fiye da yadda ake ba shi a Turai. Tsare-tsare masu gaɓoɓi da yawa irin FSR na kamfanin Specialized da Maestro na Giant sun fi daɗin bin gargada, amma boris ɗin da za a riƙa canzawa a cikinsu ya fi yawa. Ko wanne aka saya, kada a kai shi wajen wankin mota a fesa masa ruwa mai ƙarfi, domin ruwan yana kore giris ya tura ƙasa ciki.

Kada a sayi firam da babu shakazobarsa a jiki, komai arharsa. Kowace shakazoba tana da awo biyu, tsawonta daga ido zuwa ido da kuma nisan da take shigewa, kamar milimita 200 da 57 a tsohon tsari, ko 210 da 55 a sabon tsarin da aka fito da shi a 2016, kuma ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Wasu kamfanoni ma sun yi nasu na daban, kamar Brain na Specialized, DRCV na Trek da DYAD na Cannondale, waɗanda idan suka mutu samun madadinsu sai an sha wuya. Shakazoba ta gama-gari daga Fox ko RockShox ta fi kwanciyar hankali. A goge sandar da take shiga tana fita, a bi ta da farce. Duk ƙarzuwar da farce ya kama za ta yanka roba ta zubar da iska. Shakazoba mai aiki da iska tana buƙatar ƙaramin famfo na musamman wanda yake kai psi 300 a ma'aunin ƙarfin iska, injin mai faci ba zai yi wannan aiki ba, kuma ana cika ta ne yadda za ta nutse kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari idan mai keke ya zauna. RockShox ya ce a buɗe gidan iskarta a canza mai bayan kowace awa 50 ta hawa, wanda a irin ƙurarmu ba abin sakaci ba ne.

Tsakanin firam ɗin alminiyam da na kabon, wato wani abu marar nauyi da ba ƙarfe ba, alminiyam nake zaɓa. Kayan gwanjo a cikin kwantena ake jibge su wani kan wani, kuma kabon yana iya fashewa ta ciki fentinsa yana nan lafiya, alhali alminiyam yakan nuna lotsawarsa a fili. A jiƙa tsumma a goge duk inda aka yi walda, musamman ƙasan wuya, mazaunin shakazoba da sandunan baya kusa da feda, sannan a haska fitilar waya daga gefe. Tsaga tana fitowa kamar silin gashi baƙi. Sabon fenti ko sitika a daidai walda abin tuhuma ne. Kada kuma a yi tunanin mai walda zai rufa asiri, domin alminiyam mai lamba 6061 da ake yin firam da shi yana rasa ƙarfinsa a inda wuta ta taɓa, sai an sake gasa firam ɗin gaba ɗaya a tanderu na musamman.

Maganar girman taya ita ce mai sa mutum jinkiri. Taya da tub na inci 26 suna nan a kasuwanninmu, amma firam ɗin da ke ɗaukarsu tsofaffi ne, kuma fok mai kyau na wannan girma yana ƙara wuya. Inci 29 ya fi ratsa yashi da tsallake ramuka, sai dai tayarsa sai an yi oda. Wanda zai iya ajiye taya ɗaya ta ko-ta-kwana a gida, 29 ko 27.5 ya fi masa, muddin firam ɗin yana da filin taya mai faɗin inci 2.3, domin laka ta samu wurin wucewa da damina. A auna faɗin bayan firam kafin a sayi wili: akwai milimita 135, akwai 142, akwai 148 da ya yaɗu daga 2015. Gidan feda mai zare, wanda ake ɗaurawa da sifana, ya fi wanda ake dannawa ciki sauƙin gyara a hannun makanikin unguwa. Ɗan ƙarfen da giyar baya take rataye a kai kuwa an yi shi ne domin ya karye ya ceci firam, kuma kusan kowane samfuri da irin nasa, saboda haka a tabbatar ana samunsa. Firam mai ɗaukar UDH, wato irin wannan ɗan ƙarfe na gama-gari da kamfanin SRAM ya fitar a 2019, ya ɗauke wa mai shi wannan damuwa.

Kafin a biya kuɗi a juya firam ɗin a duba lambar da aka buga a ƙarƙashin gidan feda, idan an kankare ta a bar musu kayansu. Idan komai ya yi daidai kuma girman ya dace da tsawon mai hawa, sai a lissafa kuɗin sabbin boris, robobin shakazoba, famfo da ɗan ƙarfen giya guda biyu, a cire su daga abin da aka yi niyyar tayawa.