Abin da kalkuleta ta nuna min a kan B-26

A samistan da ya wuce lakcaranmu ya raba mana asaimen, kowa ya ɗauki jirgi ɗaya ya lissafa nauyin da ke kan fiffikensa, wato ka raba nauyin jirgin da faɗin fiffike. Ni sai na faɗa kan B-26 Marauder, jirgin jefa bam matsakaici mai inji biyu da kamfanin Martin na Amurka ya ƙera lokacin yaƙin duniya na biyu. Gaskiya laƙabinsa ne ya ja ni, matuƙa na ce masa mai jefa matan aure cikin takaba.

Tun farko da gaggawa aka yi shi. A 1939 sojan Amurka suka yi odar guda 201 alhali jirgin na kan takarda, ko na gwaji ba a ƙera ba, sai a Nuwamban 1940 ya fara tashi. Peyton Magruder da ya zana shi gudu yake nema, sai ya ba shi ɗan gajeren fiffike mai tsawon ƙafa 65, to ƙaramin fiffike dole ka sauka a guje, wajen mil 120 zuwa 135 a awa, kuma yaran da ake turowa sabbin yaye ne wasu ma basu taɓa tuƙa mai inji biyu ba, da sun ga ƙasa na matsowa sai su rage gudu kamar yadda suka saba, shikenan jirgi ya rikito. A sansanin MacDill na Fulorida abin ya yi yawa har aka riƙa cewa kullum sai ɗaya ya faɗa ruwan Tampa.

Ni dai na riga na rubuta ƙarshen asaimen ɗina a kai: fiffike ne matsala, aka ƙara masa ƙafa 6 ya koma 71, magana ta ƙare. Sai da na zauna da kalkuleta cikin dare, ba wuta, da tocilan waya. Na farko ya ba ni wajen laba 53 a kan kowace murabba'in ƙafa, na lissafa mai dogon fiffiken sai na ga ya haura haka. Sau uku ina gogewa ina sakewa, har na tashi abokin ɗakina ya duba min ko na sha kwana a wani wuri, ya duba ya ce lissafinka daidai ne malam ka bar ni in yi barci. Ashe da aka ƙara fiffiken sai aka bi shi da ƙarin bindigogi da sulke, nauyin ya cinye ribar tas.

Dole na koma na sake karatu, kuma nan ne abin ya min daɗi. An gyara horon matuƙa, Jimmy Doolittle, shahararren matuƙin sojan Amurka, da kansa ya riƙa tashi da shi yana kashe inji ɗaya a gabansu don su ga ba aljani ba ne. Sannan ga wata ƙaramar magana da ta fi tsaya min a rai, da lantarki ake canza karkatar fukafukan farfelarsa, kanikawa kuma suna aiki a ƙasa da batirin jirgin har ya yi sanyi, in an zo tashi sai farfela ta ƙwace. Batir fa! Sai kuma yadda ake kai hari da shi, a Mayun 1943 an tura su ƙasa ƙasa kan Aimuden a Holan, goma da suka isa ko ɗaya bai dawo ba, daga nan aka maida su sama wajen ƙafa dubu 10 zuwa 12.

Kafin yaƙi ya ƙare an ƙera sama da 5,000, kuma cikin jiragen bam na Amurka a Turai shi ne aka fi ƙarancin asararsa a fagen daga. Shafi biyu na yage na sake rubutawa, na miƙa a makare da kwana ɗaya, malam ya zaftare min maki biyar.